Iskar Arewa Ta Dawo Ƙarƙana

Shekara uku ke nan iskar arewa ba ta leƙo tsibirin Ƙarƙana da sanyi ba. Ruwa ya zauna ɗumi-ɗumi, kifi ya ƙi shigowa bakin gaɓa. Shadliya kuwa ba ta da abin dogaro sai gonar tekun da ubansu Salah ya bar mata ita da ƙaninta Munji, inda ake kafa sharfiya, dogon shingen rassan dabino mai kora kifi cikin kwanduna.

Munji ya gaji. Wani mai jiragen kamun kifi daga birnin Safakis yana son wurin, Munji kuma yana son sayarwa.

"Yaya, kabarin Baba ne da ba za a taɓa ba? Ruwa ne fa kawai."

"Ruwan da ya yi maka wannan tumbin," in ji ta. "Ka ba ni sanyin bana. In bai yi ba, in sa hannu da kaina."

Sai ga iskar ta zo a farkon Disamba. Kai, ta zo da fushi! Kwana tara tana dukan ƙofofi, mata na guɗa a kan soraye. A tsibirin kowa ya san ƙa'idar tun kaka da kakanni: in iskar arewa ta kwana uku, ruwa ya yi sanyi, kifi na tafe, a faɗaɗa shinge. Ba wanda yake tambayar ruwa, iska ake saurara.

Shadliya ta ƙudura za ta ninka nata. Busassun rassan ƙasa, waɗanda aka saba sara, ba su isa ba. Ta tasa Munji gaba zuwa dabinonsu goma sha ɗaya, ta ce ya hau ya saro ɗanyun ma.

"Yaya, na kai kan tohon tsakiya," ya ce daga sama. "In na ƙara, na kashe su."

"Sara! Dabino zai farfaɗo. Iskar nan ba kullum take zuwa ba."

Suna loda rassan a kwalekwale, tsoho Tijani ya tsaya a kansu. Ya yi shekara talatin a manyan jiragen ruwa, ya dawo da ƙafa ɗaya mai ciwo da baki mai yawa. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma gwiwar hannunsa a teku, ya daɗe.

"'Yar Salah, taɓa ki ji."

"Ba ni da lokacin wanka, Baba Tijani."

"Iska tana da hanyoyinta a sama, kamar jirage. Shekara uku hanyar ta karkata can wajen Turai, ba ta huce mana ruwa ba. Ɗumin nan kina tsammanin ina ya tafi? Yana can ƙasa a tsakiyar teku, a kwance. Yanzu iska ta zo ta dama, shi za ta fara tasowa da shi. Kwana tara ba sa goge shekara uku."

"To malamin iska, mun ji. Matsa mana."

Ta ji tsoro, gaskiya. Amma an riga an sare rassan, me ya rage? Kwana shida suna cikin ruwa har ƙirji suna kafawa. Abin da ya fi damunta shi ne ba ta yi rawar sanyi ba ko sau ɗaya, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar ɗaga kwanduna, na farko ya yi nauyi har Munji ya yi kabbara. Da ya fito, shuɗiyar ƙaguwa ce maƙil, irin mai son ruwan ɗumi, wadda ko kare ba ya murna da ita. 'Yan kifi huɗu da suka shiga, ta cinye su saura kai da ƙaya. Na biyu haka. Na bakwai ma haka. Janairu ta wuce, Fabrairu ta bi ta, ba abin da ya sauya sai yatsun Shadliya da suka cika da cizo.

Cikin Maris dabino takwas suka bushe daga sama. Ta zauna a gindin ɗaya, ta aika a kira Munji. Kunya ta hana ta kallonsa.

"Na yi alkawari. Kira mutumin Safakis, a kawo takarda."

Munji ya tsuguna, yana wasa da ƙasa.

"Na kira shi tun makon jiya, Yaya."

"Ya rage kuɗin ko? Ba komai. A ba shi."

"Ya aiko an auna ɗumin ruwan. Ya ce ko kyauta ba ya so."