Makullin Motar Yuguda

Da Yuguda bai murɗa makullin nan ba, da Matiyu yana raye? Likitan da ya rufe masa fuska da zane bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni ma kuma ban sani ba.

Shekarar wahalar man fetur ce. Yuguda, direban tasi a Sintali, yakan kwana biyu a layi kafin ya sami rabin tanki. Don haka ya koya wa hannunsa tattali: da zarar mai ba da hannu ya tsayar da shi a mahaɗar kasuwa, sai ya kashe injin. Ya san sarai in injin ya yi zafi kik ɗin yakan yi gardama, amma kullum gyara sai gobe.

Wata Talata da hantsi aka kawo maƙwabcinsa Matiyu daga gona, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Matar Matiyu, Dinatu, ta rungume shi a bayan mota, Yuguda ya taka wuta sai asibiti. A mahaɗar kasuwa suka tarar da manyan motocin doya suna ƙetarawa, dole ya tsaya. Ya kashe injin. Da hanya ta buɗe ya yi kik, shiru. Kafin a tara masu turi, mota ta tashi, an ci kusan minti ashirin. Matiyu bai kai la'asar ba.

A wurin gaisuwa aka tambaye shi me ya sami motar. Bakinsa ya riga shi: "Mai ne, an gauraya da kananzir." Kowa kuwa ya san a wurin Sajo, mai sayar da man galan a bakin layinsu, ya sha mai a ranar. Kafin mako ya zagayo 'yan acaɓa sun daina tsayawa wurin Sajo, mata na tofar da yawu in sun wuce teburinsa.

Matarsa Ruwaida kaɗai ya faɗa wa gaskiya.

"Baban Hamna, ka je ka gaya wa Dinatu," in ji ta.

"In ce mata me? Sabo ne, hannuna ne ya yi."

"Hannun naka a jikin wa yake?"

"Ba za ni ba. Faɗar ba za ta tashe shi ba."

Amma akwai abin da ya ɓoye ko ga Ruwaida. Kafin ya murɗa makullin, sai da ya kalli allurar mai. Mutum na nishi a bayansa, shi yana lissafin abin da zai rage masa. Daƙiƙa ɗaya ce tak, amma ya juya ta a ransa ta kowace fuska, bai sami inda zai kira ta sabo ba.

Ranar Lahadi, da Dinatu ta taso daga coci, ta shigo gidansu da kwanon gyaɗa.

"Baban Hamna, kai ya yi ƙoƙari," ta ce. "Allah ya gani. Wancan Sajo kam, ko ya mutu ni ba na yafe shi."

Ruwaida ta karɓi kwanon ba ta ko dubi mijinta ba. Dinatu ta yi sallama ta fita.

Yuguda ya jira har ya ji ƙarar ƙyauren gidanta. Sannan ya zura takalmi ya bi ta. Ya same ta a tsakar gida tana kwance ɗankwali.

"Maman Success, zauna, ina da magana." Ya durƙusa a gabanta. "Man Sajo lafiyarsa ƙalau. Motar ba mutuwa ta yi ba. Ni na murɗa makulli da hannuna, don kada mai ya ƙone."