Wazirin Baba Barnabas

Yaya Hayatu ya dawo daga Amurka da digiri biyu, da lofe wanda bai taɓa ganin taba ba, da wani wasa cikin kwali. Ni aji huɗu nit tsaya. Sauran karatuna cikin littattafan da yab bari gida niy yi shi, shi ya sa nike gane lokacin da Yaya ke bayanin abin da bai sani ba.

Wasan ga taswira ce da ɗan ludo mai fuska ashirin. Kowa a ba shi ƙasa, da kati mai faɗin halin sarkinta. Yaya ke ba da labari, shi ke yanke hukunci. In sarki adali ne, sai a zana ma ƙasarshi rijiyoyi da kasuwa. In azzalumi ne, soja su yi yawa, rijiyoyi su ƙahe. Inna tac ce caca ce. Yaya yac cire lofe daga baki yac ce nazarin siyasa ne. Taswirar ni niz zana ta, amma matsayina a wasan shi ne kawo zoɓo daga sabon firij.

Abokinshi Tambari, wanda suke koyarwa tare a jami'a, ya zo, saura mutum guda. Sai anka tuna da Baba Barnabas, maƙwabcinmu, aminin marigayi babanmu. Shekara ashirin da shida shina akawu a wani ofishi. Wata biyar da sunka wuce anka karanta sunanshi a rediyo cikin waɗanda anka kora, ba wanda yat tambaye shi komi. Tun ranar bai sake fita ba, ko coci. Matarshi Mama Talatu ce tar roƙi Yaya ya jawo shi, ko Allah ya sa ya koma shiga mutane.

Ran Asabar bayan la'asar sai ga shi, riga ta sha guga, biro a aljihu. Yaya yam miƙa mishi kati. Azzalumi.

Sannan mai digiri biyu yag gyara murya yak karanto: "Baba, an zargi wazirinka da ɗibar hatsi a rumbun gari. Bisa halinka, ka kore shi yanzun nan, ba tambaya. Jefa ɗan ludo mu ga ko talakawa za su yi tawaye."

Tambari yaɗ ɗaga kai shina kallon fanka. Yaya bai gane ba sai da yag ga fuskata. Ni ƙofa nike kallo, don na san in Baba ya fita yau, sai dai mu riƙa gaishe shi ta taga.

Baba yaj jujjuya ɗan ludon a tafin hannu, ya aje shi.

"Ɗana, an ba shi takardar neman bahasi?"

"Baba, wasan ba ya da wannan."

"To wasan bai yi aikin gwamnati ba. A kira mini wazirin."

"Babu waziri, Baba. Suna ne a takarda."

"Ni ma haka aka ɗauke ni," in ji Baba. Yaj juyo wurina. "Zulai, ajiye tiren nan. Ke ce waziri. Zauna, ba a amsa tuhuma a tsaye."

Niz zauna.

"Waziri, ka buɗe rumbu?"

"Na buɗe, ranka shi daɗe. Unguwar gabas kwana uku ba a ɗora tukunya ba."

"Da izinin wa?"

"Sau biyu na aiko takarda. An ce tana kan tebur, mai teburin ya tahi kwas Ingila."

Baba yay yi dariya har da tari. Ta bayan katanga nij ji Mama Talatu ta daina daka.

Yaz zaro biro, yaj juya katin azzalumin, yar rubuta hukunci a bayanshi da wannan rubutun nashi mai kama da na injin. Waziri ya koma aiki. Amma a ba shi gargaɗi, don bai aje kwafin takardarshi ba.

"Baba, katin ya ce kai mugu ne," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na karanta. Duba littafinka, me ake yi wa sarkin da ya ƙi?"

Yaya yay yi ta buɗe shafuka. Gaskiya ya burge ni nan, don bai yi ƙarya ba. Yac ce halin sarki ya sake, sai ƙasa ta bi shi. Rabin soja za su gudu, rijiyoyi su dawo. Yam miƙo min fensir, niz zana guda uku, nik ƙara ɗaya da ba a ce ba.

Tambari yam murza hannu. "Baba, da rabin soja? Asabar mai zuwa ina cikin fadarka."

"Ka zo da takarda," in ji Baba. Yam mayar da biro aljihu. "Ƙarfe nawa ne Asabar ɗin? Kuma a sa wa wazirina kujera mai kyau. Zoɓo, Hayatu ya san hanyar firij."