Safar Malama

Tun a mota, a hanyar ofishin 'yan sanda, Maitaya yake yi wa matarsa bitar abin da za ta faɗa, ita da ke koyar da 'ya'yan wasu karatu. Wai ta ce get a rufe yake. Yarinyar ce ta turo shi ta shigo neman ƙwallo. Karen kuwa bai taɓa cizon kowa ba. Malama ta ce to, ta juya tana kallon titi.

Gaskiyar ba ta da tsawo. Shekaranjiya da sassafe Maitaya ya wangale get yana wanke mota, ya kwance kare wai ya miƙe ƙafa. Auta, 'yar maƙwabciyarsu Maiɗinki, tana wucewa da jakar makaranta, karen ya fito ya cafke mata dantse. Malama na tsaye a bakin kicin, komai a idonta aka yi. Yarinyar ma a ajinta take.

Ofishin Sufeto ɗan ƙarami ne, fanka na juyi ba iska, benci ɗaya na masu ƙara da waɗanda ake ƙara. Dole aka zauna kafaɗa da kafaɗa. Maiɗinki ta riga su zuwa, idanunta sun kumbura, ta bar Auta a asibiti wajen ƙanwarta. Suka gaisa sama-sama, kamar ba su ba ne ke miƙa wa juna gishiri ta kan katanga.

Sufeto mutum ne mai magana a hankali, irin wanda ba a gane inda ya dosa. Ya bayyana musu cewa wanda ya ajiye kare shi ke da alhakin tsare shi, kuma wanda aka ciza yana da haƙƙin a ɗauki nauyin jinyarsa, ya kai ƙara kotu in ya so. In yarinyar ce ta kutsa gidan mutane, maganar za ta yi sauƙi. In kuwa mai karen ya san dabbarsa ta taɓa cizo, ya kuma sake ta, to wannan sakaci ne da gangan, kuma karen ba zai ci gaba da zama a unguwa ba.

Maitaya ya gyara zama. Ɗan kasuwa ne, tsohuwar taya ma yakan yabe ta har mai saye ya ji kunyar tayawa. Ya zuba bayani tsaf, ya yi jaje, ya ce Auta ai 'yarsa ce, amma yaran yanzu ba sa jin magana. Ya rufe da cewa karensa ko kaza bai taɓa kora ba.

Maiɗinki ba ta musa ba. Sai ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka a kan ƙafar Malama.

Malama ta ji kallon nan har ƙashinta. Safa ce a ƙafar, baƙa, mai kauri, wadda abokan aikinta ke tsokanarta a kai, wai ita kaɗai ke jin sanyi ana tsakiyar zafi. Bara karen ya yage mata ƙwauri tana shanya. Maitaya ya hana a je asibitin unguwa don kada magana ta fita, ya kai ta can wani gefen gari aka yi mata allurai. Maiɗinki ce ta riƙa shigowa kullum tana wanke ciwon, kuma Malama da bakinta ta roƙe ta ta rufa musu asiri. Ta rufa. Ga shi yau 'yarta na kwance da ɗinki a hannun da take rubutu da shi, amma har yanzu matar nan tana riƙe da alkawari. Kunya ta kama Malama, irin wadda ta fi duka ciwo.

"Malama, ke kina gida lokacin?" in ji Sufeto.

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Abin da maigidanki ya faɗa, haka ne?"

Gwiwar Maitaya ta taɓa tata, a hankali, kamar ba da niyya ba. Ta san fassarar. Ta san halinsa in ya ƙullaci mutum: ba zagi, ba duka, sai shiru mai tsawo da ajiye abinci yadda aka kawo shi. Aure ne na shekara da shekaru, da yara uku, kuma ba ta taɓa ƙaryata shi gaban baƙo ba.

Sai ta sunkuya. Ta ɗage bakin zanenta kaɗan, ta naɗe safar zuwa idon sawu. Tabon na nan, shatin haƙora sama da ƙasa, fatar ta tattare ta yi baƙi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Sufeto ya leƙo ta kan tebur ya duba.

"Wane kare ne ya yi wannan?"

"Namu ne. Kuma shekaranjiya get a buɗe yake."

Maiɗinki ta toshe baki da mayafi, tana kuka. Maitaya bai dubi matarsa ba. Ya zura wa bango ido, jijiyar wuyansa ta tashi, ya amsa sauran tambayoyin da e da a'a. Aka tsayar da magana cewa jinyar Auta tana wuyansa, ma'aikatan dabbobi za su zo su ɗauki karen, batun kotu kuma ya rage ga uwar yarinya.

Da suka fito, ya shiga mota ya tayar, bai buɗe mata ƙofa ba. Malama ta tsaya a rana tana kallon motar har ta sha kwana, tsoron komawa gida ya cika mata ciki. Safar tana nan a naɗe, ba ta ja ta sama ba.

Maiɗinki ta matso ta tsaya kusa da ita, ta ce Auta tun jiya take tambaya ko Malama za ta yi mata faɗa saboda ba ta yi aikin gida ba.

Malama ta share ido da bayan hannu. "Mu je in gan ta," ta ce.