Fitilar Shagon Baba Faruk

Ina tsaye a kan benci, sukundireba a bakina, hannuna cikin gidan doguwar fitilar, Baba Faruk kuma ya riƙe mini ƙafar bencin don kada ya yi rawa.

"Cok ɗin ne ya ƙone," na ce da na cire sukundireban. Na miƙa masa baƙin ƙarfen da ke tayar da ƙwan. "Shinshina ka ji."

Ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "To sa wani mana, Habibu."

"Baba, wa ke sayar da cok yanzu? Kowa ya koma ƙwan LED. Wanga ma daga tsohuwar fitilar wani shago na ciro maka shi."

Na ɗaura, na sauko, na danna makunni. Fitilar ta yi ƙyafta-ƙyaftarta ta kama, fari tas. Baba Faruk ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

"Da dai sauƙi," ya ce. "Amma ba kamar da ba. Kamar da hayaƙi-hayaƙi cikinta."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Gwandu. Tela ne, shagonsa shi ne zauren gidansa, ɗaki mai zurfi da ba taga, ko da tsakar rana sai da fitila. Tun ina yaro ƙarar kekensa ke tashe ni. Matarsa ta daɗe da rasuwa, sai ɗiyarsa Hadiza da ta dawo gida da 'ya'yanta bayan mutuwar mijinta. Ɗinkin nan suke ci duka. Ni kuwa gyaran wuta ne sana'ata, don haka duk abin da ya samu fitilarsa, ta kan katanga yake kirana.

Ba a daɗe ba ya sake kira. Na duba, ba abin da ya samu fitilar, amma na ce bari in huta. Na kwance ta gaba ɗaya, na sa masa ƙwan LED. Bai ji daɗi ba. Ya sa Hadiza ta naɗe tsohon ƙwan cikin tsumma ta ajiye ƙarƙashin gado, wai kayan da sun fi aminci.

"Wanga sabon naku ba shi da ƙarfi," ya ce. "Ko wutar ce ba ta cika ba?"

Wutar dai gaskiya ba ta zama. Sai a wuni ba a kawo ba, in an kawo ma ta zo a raunane. Duk muka ɗora laifin a kanta, har da ni. Lokacin ne wani ya dawo da riga, an ɗinke aljihun a karkace. Baba Faruk, wanda a da ake aiko masa da yadi daga Dalijan, ya karɓi rigar, ya zauna yana warware ɗinkin da laluben yatsa.

Hadiza ta sayar da tunkiyarta. Ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Yaya Habibu, a sa mai sola. In hasken ya tsaya wuri ɗaya, aikinshi zai dawo."

Ranar da na kawo kayan, da la'asar na gama. Na kafa farantin solar a kan rufin kwano, na ajiye batir bayan ƙofa, na rataya ƙwai biyu, ɗaya a tsakiyar zaure, ɗaya daidai saman keken. Na kunna. Haske ya cika ɗakin har na ga yanar gizo-gizo a kusurwa da guntayen zare a ƙasa. Hadiza tana tsaye bakin ƙofar cikin gida, ta fara murmushi.

Baba Faruk yana zaune kan kujerarsa, fuskarsa a ƙarƙashin ƙwan. Ya gyara hula.

"To, kunna mana mu gani."

Hadiza ta kai gefen mayafinta ta toshe baki. Ina jin kajin gidan suna tono a tsakar gida.

"Habibu?"

"Na'am, Baba."

Ya ɗaga tafin hannunsa kusa da fuskarsa, ya juya shi, ya mayar kan gwiwa.

"Ya kama ko?"

"Ya kama, Baba."

"To madalla," ya ce. "Allah shi yi albarka. Hadiza, kawo mai ruwa, ya sha rana."

Da na durƙusa ina tattara wayoyi kusa da keken ne na ji warin. Ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keke da ita, a naɗe take da guntayen yadi, sun jiƙe sun canza launi. Na tambaye shi, ya ce ƙusa ce ya taka tun kwanaki, ba wani abu ba ne. Hadiza ta warware tsumman, ta saki salati.

Washegari muka ɗauki shatar mota zuwa asibiti a Kalgo. Duk hanya yana tambayar ina muka kawo, ina faɗa masa. Likitan ya auna jininsa, ya haska idanunsa, ya duba ƙafar, ya fito da mu waje. Ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa, shi ya ci idanun. Ƙafar kuma ta ruɓe, in ba a yanke ba dafin zai bi jini.

Ni aka tura in gaya masa. Na zauna bakin gadon na rasa ta inda zan fara, sai ya riga ni.

"Na ji shi. Kunnena bai mutu ba."

"Baba, ka yarda. Rai ya fi ƙafa."

"An ɗauki idon, yanzu a ɗauki ƙafar. Mi ya rage da za ku kai gida?"

Hadiza ta durƙusa ta riƙe hannunsa tana kuka. "Baba, don Allah. Ni zan kula da kai."

"Ke wa zai kula da ke?" Ya lalubi kanta ya dafa. "Ku maishe ni ɗakina."

An yi ta roƙo, har limamin unguwarmu ya zo. Bai yarda ba. Aka wanke ciwon, aka ba mu magunguna, muka dawo.

Ya ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure, nan ya kwanta kusa da keken. Zazzaɓi ya riƙa hawa. Kullum kafin in fita aiki sai in leƙa. Wani lokaci ya gane muryata, wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifina. Wata safiya ya kama hannun rigata, ya bi ɗinkin da yatsa har kafaɗa.

"Wa ya yi maka wagga?"

"A kasuwa na saya, Baba."

"Ba ta daɗewa," ya ce, ya saki.

Ranar Laraba da hantsi ina kan rufin wani gida ina ɗaura faranti, na jiyo kuka daga wajen layinmu. Na sauko ban ko kwashe kayana ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

A rana ta biyu muna zaune kan tabarmi a ƙofar gidan ana karɓar gaisuwa, sai wani dattijo ya tsaya da babur, ƙafafunsa duk laka, da alama daga wajen Kambaza yake. Ya sauko da leda a hannu, farin yadi na leƙowa daga bakinta. Ya dubi tabarmin, ya dubi mutanen, ya leƙa zauren. Ɗinki ya kawo, ashe bai samu labarin rasuwar ba. Ya cire takalmansa, ya samu gefen tabarma ya zauna, ya ɗora ledar a kan cinyarsa, ya ɗaga hannuwa.