Kalwar Hafsatou a Gidan Malam Daouda

Shekara goma sha tara Hafsatou mai daddawa ta yi a gidan haya a unguwar Banikanni cikin Parakou, ba wanda ya taɓa jin kanta da kowa. Sai mai gidan ya gyara ɗakunan gaba, ya sa karo, wato tayil, ya zuba ma'aikatan gwamnati. Ba a yi wata biyu ba suka fara toshe hanci. Matar ɗayansu har turare take fesawa a tsakar gida, alhali ran Juma'a ita ce ke zuwa a ɓoye ta sayi ta miya. Mai gida ya zo yana sosa ƙeya, ya ce ko ta bar sana'a ko ta bar ɗaki, ya ba ta zuwa ƙarshen wata.

Ba ta roƙe shi ba. Ta ce ta ji, ta gode da zaman da aka yi. Da ma abin da ta tara tun rasuwar mijinta na nan, ba ta ci ba, ba ta sa a zane ba. Ta ce to, tunda abin ya zo haka, hayar ma ta ƙare, gida za ta saya.

Ɗanta Djibrilla direban taksi ne, Parakou zuwa Djougou yake yi. Shi ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, Mai Mota take ce masa. Shi ya fara kai ta wani gida a unguwar Kpébié, ɗaki biyu da falo, ga famfo, ga fenti sai ƙyalli. Ta zaga sau ɗaya ta fito.

"Ina zan kafa tukunya?"

"Inna, ga wuri nan bayan ɗaki."

"Nan? In na yi atishawa maƙwabci ne zai amsa min. In tashi daga hannun masu toshe hanci, in sayi wasu da kuɗina? Mu tafi."

Sati ya wuce, na biyu ya bi shi. Sai wani dillali da Djibrilla ya sani a tashar Djougou, Awwalu, ya ce akwai gida a bakin gari. Djougou ba baƙon wuri ba ne gare ta, can take sayo kalwa, ƙwayar ɗorawar da ake daddawa da ita. Suka je. Ginin ƙasa ne da shafen siminti, ɗaki uku, rijiya, tsakar gida kuwa sai ka shanya tabarma ashirin. Mai shi, Malam Daouda, tsohon ɗan kasuwar shanu ne da gwiwa ta kayar, zai koma wurin ɗansa a cikin gari. Aka zauna a zaure, aka ja, aka saki, aka tsaya a kan magana ɗaya. Awwalu har ya fara shafa hannu.

Hafsatou ta ce, "Saura abu guda. A ba ni makullin ƙaramin ɗakin can na lungu, kwana uku. Zan rufe kalwa a ciki. In ta kama, na saya."

Awwalu ya yi dariya. "Hajiya, gida ake saye, ba tukunya ba."

"Ban je Makka ba tukuna, kar ka ɗora min abin da ban biya ba. Kai in za ka sayi saniya ba ka buɗe bakinta?"

Duk mai daddawa ta san wannan, ba kowane ɗaki ke kamawa ba. Wani ɗakin ƙasarsa sanyi gare ta, ko iska na shiga ta inda ido bai gani. Sai ki dafa kalwa, ki rufe, ta kwana uku tana kallonki, ta yi tsami, ta yi fumfuna, ki kwasa ki ba bola. A tsaye ba a gane irin wannan ɗaki, sai an gwada.

Malam Daouda ya daɗe yana kallonta. Uwarsa ma sana'ar da ta yi ke nan, ya san zancen. Ya laluba aljihu ya miƙo makulli.

"Baiwar Allah, ran Litinin ki rufe. Alhamis bayan azahar in ban ji bakinki ba, gida na mai rabo ne."

Ta koma Parakou ta yi dahuwar farko, ta surfe, ta wanke. Litinin da safe Djibrilla ya ɗauko ta da buhunta da tukunya. A tsakar gidan ta haɗa duwatsu uku ta yi dahuwa ta biyu, ta tsame da zafinta ta zuba a kwando, ta rufe da ganye, ta danne da buhuna, ta ja ƙofa ta kulle. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin. Nan take salla, nan take cin abin da matar ɗan Malam Daouda ta aiko mata.

Laraba da hantsi sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Awwalu ne da wani mutum mai farar riga, Abdoulrahim, wai daga Cotonou, yana son gida ya gyara ya zuba 'yan haya. Malam Daouda na biye da su da sandarsa. Ashe dillali bai zauna ba, ya je ya samo wanda zai ba da fiye da nata. Mutumin ya leƙa ɗaki ɗaya, ya leƙa na biyu, ya leƙa rijiya. Da ya nufo lungu sai ya ja ya tsaya, ya ciro hankici.

"Mais ça sent quoi? Warin me ke nan? Me ya mutu a nan?"

"Ba abin da ya mutu," in ji Hafsatou. "Abin da kake ci a miya ne."

"A buɗe in gani."

"Ba a buɗewa."

Awwalu ya durƙusa kusa da ita, murya ƙasa ƙasa. "Inna, minti ɗaya. Ya leƙa kawai."

"Minti ɗayan nan iska ta shiga, ta kashe min kwana biyu. Sannan in ta lalace ban san laifin ɗaki ne ko naka ba."

Mai farar riga ya juya wurin tsoho. Ya ce shi hanya ce a gabansa. A fitar da abin nan yanzu, a wanke ɗakin, yau ɗin nan ya ajiye kuɗi. In ba haka ba, ba zai sayi gidan da wari ya shiga bangonsa ba.

Hafsatou ta dubi Malam Daouda. Kwana huɗu suka rage wata ya mutu, kayanta na ɗaure a Banikanni, ba takarda tsakaninta da tsohon nan, ba shaida sai dillalin da ya riga ya juya mata baya. Ba ta tashi daga tabarma ba. Ta ce, "Malam, Alhamis ka ce."

Tsoho ya soka sandarsa a ƙasa, ya ciro, ya sake sokawa. Can ya ce wa baƙon, "Alhamis na ce. In kana iya kwana, bismilla." Mutumin bai kwana ba. Motarsa na tashi Malam Daouda ya juyo, fuska a ɗaure.

"Kin kore min mai saye. Gobe in abin nan naki bai kama ba, na rasa biyu."

"Haka ne," ta ce.

Da la'asar Djibrilla ya sauke fasinja ya biyo. Da ya ji abin da ya faru sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Inna, ki ce kin saya kawai. Ko ta kama ko ba ta kama ba, ai gida gida ne."

"In ba ta kama ba bango zan ci? Ko kai za ka riƙa ciyar da ni, da tayarka da kullum a hannun mai faci take?"

"To in ba ta kama ba fa?"

"Sai in ba tsoho haƙuri, in ɗauki tukunyata in nemi wani. Tashi ka yi salla."

Alhamis, ana idar da azahar, ta sa makulli. Djibrilla da Awwalu da Malam Daouda na tsaye a bayanta. Ba ta ɗaga buhu ba tukuna, hannu ta fara zurawa ƙarƙashi. Ɗumi ta ji, irin na cikin kazar da ke kwanci. Ta yaye ganye. Warin ya taso har Awwalu ya ja baya yana share ido. Ta ɗebo kaɗan ta murza, ta narke a yatsa tana jan zare. Ta ɗanɗana, ta juya ta miƙa wa Malam Daouda. Ya sa a harshe.

"Ta kama," in ji shi.

"Na saya."

Awwalu ya jawo ta gefe, yanzu kuma nata ne. "Inna, ba wani mai saye a ƙasa. Ki ce a rage miki, dole ya yarda."

"Mutum ya ba ni makullinsa ba takarda, ya kori kuɗi a kan maganarsa, in saka masa da ragi? Yadda muka yi a zaure haka za a yi."

Ɗan Malam Daouda kuma da ya zo sai ya ce ai na Cotonou ya fi bayarwa, ko za ta ɗan ƙara. Shi ma amsa ɗaya ya samu.

Washegari aka taru wurin delege, mai unguwa, da shaidu. Aka karanta takarda aka fassara mata. Ta tambaya 'ya'yan Malam nawa ne. Aka ce biyar. Ta ƙirga waɗanda ke zaune, huɗu.

"Ina na biyar?"

"Soumaya ce, tana aure a ƙauye. Ai mace ce, ba sai ta zo ba," in ji ɗan Malam.

"Ni ma mace ce, ga ni na zo. Ba zan sayi gida yau in yi shari'a da jikoki gobe ba. Mai Mota, je ka ɗauko ta."

Suka zauna a inuwa har rana ta karkata. Soumaya ta iso da goyo, ta ji bayani, ta sa hannu. Sai a lokacin Hafsatou ta kwance ɗaurinta, ta miƙa yatsa aka shafa tawada, ta dangwala. Malam Daouda ya zaro sauran makullan daga aljihu, guda uku a igiya ɗaya, ya ajiye mata a tafin hannu.