Kwantaccen Cikin Firdausi

Ni dai ban taɓa zama mai haƙuri ba, kuma shekara goma sha ɗaya da na yi ina awon ciki a ƙaramin asibitin unguwarmu a Sabon Birni ba su ƙara mini ko ƙwaya ba. Mace ta zo da ƙafa a kumbure ta ce iska ce, in yi mata faɗa. A bar mai jego tana zubar da jini kwana biyu sannan a kawo ta a amalanke, in yi wa mijin tas. Sun saba da ni har suna cewa Radiyya bakinta ya fi allurarta zafi. Amma a kan maganar Firdausi faɗa bai tsinana mini komai ba, dabarar da na koma yi kuwa har yau ban san ko daidai na yi ba.

Firdausi da surukarta Inno sun sauka gidanmu ne da farkon damina, bayan da 'yan bindiga suka shiga rugarsu a bayan Gangara. Sun kashe Ibrahima, mijin Firdausi kuma ɗan Inno tilo, a bakin gonar gero, suka kora shanun. Saniya guda mai ciki ta ɓalle ta dawo bayan kwana biyu, ita ce matan suka jawo har cikin gari. Mahaifiyata ta kwashe buhunan da ke ɗakin baya ta ba su.

Wata bakwai ke nan da auren Firdausi. Ranar da aka kashe Ibrahima al'adar Firdausi ta wuce lokacinta da kwana goma, ta kuma riga ta raɗa wa Inno. Wannan kwana goman suka riƙe suka shigo gari da shi. Wata huɗu da kwana goma na takaba suka cika, jini bai zo ba. Wata tara suka cika, jini bai zo ba, ciki kuma bai fito ba, sai ɗan tudun da ko tuwo aka ci a ƙoshi ana yin sa. Tsofaffin unguwa suka zauna suka yanke hukunci: yaron ya ji firgitar da uwarsa ta ji, ya kwanta. Kowacce ta kawo labarin wata da cikinta ya kwanta shekara uku ko huɗu sannan ya tashi ta haifi ƙato. Tunda kuwa akwai ciki, takaba ba ta ƙare ba sai ranar da ta sauka.

Sau biyu na yi mata gwajin fitsari, babu komai. Na lallaɓa ta zuwa babban asibiti aka yi mata hoton ciki, mahaifa wayam. Likitan ya ce gwajin jinin da zai tabbatar da komai sai Sakkwato, hanyar kuwa a lokacin sai wanda ya yi sallama da iyalinsa yake binta. Amma ya ce abin ba baƙo ba ne, ya sha ganinsa a matan da suka gudo daga ƙauyuka. Akwai sinadaran da jikin mace ke haɗawa da kansa, homon, su ne ke kawo al'ada wata-wata. In tashin hankali ya yi yawa, ga yunwa, ga rashin barci, ga rama, sai jiki ya ga ba lokacin haihuwa ba ne, ya rufe shagon ya zauna.

A hanyar dawowa na yi ta zuba wa Firdausi wannan bayani kamar kanya. Ta saurara tsaf, kanta a ƙasa, domin yarinya ce mai ladabi. Da muka isa gida na maimaita wa Inno. Tana wanke ƙwaryar nono, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗiyata, ɗan da ka kwana, injin asibiti ba shi ganinai," in ji ta. "Ke ma in kin kwanta kin rufe ɗaki, wa ka ganinki?"

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa tsohuwar da ta binne ɗanta ba. Mahaifiyata ta kira ni gefe ta ce in rufe mata baki, ba asibiti nake ba. Na rufe, amma ina ji ina gani abin ya ci gaba da cin yarinyar nan. Azumi take yi Litinin da Alhamis, har da wasu ranakun da ta ƙara wa kanta, don Allah ya tayar da cikin. Kowace tsohuwa ta kawo saiwarta, wata a jiƙa wata a dafa, masu ɗaci da sa gudawa, ta shanye ba musu. Da rana tana surfe a gidajen mutane don su samu na cefane. Barci kuwa babu, in babur ya wuce a bayan gida sai ta zabura ta kama bango. Yayanta Marwan ya zo daga Turba har sau biyu zai tafi da ita gida, Inno ta ce mace ba ta barin ɗakin mijinta da cikinsa, Firdausi ma ta ce ba inda za ta. Ya koma shi kaɗai.

A wata na goma sha huɗu ta yanke jiki ta faɗi a layin famfo. Da aka kawo mini ita na ɗaga hannunta, kamar na ɗaga sillen kara. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin na ga in aka ci gaba a haka, kafin wata damina za mu yi mata sutura.

Ranar nan na zauna na yi tunani. Gaskiya na faɗe ta an ƙi ji. To, sai in bi ta inda suke ji. Na sami Inno tana zuba dusa wa saniya, wadda tuni ta haihu tana ba da nono, na sassauta murya na ce na yi bincike, ashe akwai hanyar tayar da kwantaccen ciki, kuma ba saiwa ba ce. Ta ajiye ƙwaryar ta juyo gaba ɗaya. Tunda ta zo gidanmu ba ta taɓa dubana haka ba.

Na ce yaro ba ya tashi a cikin da babu abinci. A daina azumin nafila, a zubar da saiwoyi duka. Kullum Firdausi ta sha nono cikin ƙwarya, ta ci wake ko gyaɗa, a riƙa yi mata kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miya a sa gishirin leda mai sinadarin aidin, a bar na dutse wa saniya. Surfe ya ƙare, sai dai ɗan tattaki da safe zuwa bakin fadama ta dawo. Ta kwanta da wuri, ta ƙara da barcin azahar, kuma duk mai labarin hari ko na wanda aka sace ta tsaya da shi a zaure. Da na zo kan ƙwai Inno ta ja baya, ta ce su a wurinsu mai ciki ba ta cin ƙwai. Na ce wannan dokar ta mai ciki a farke ce, kwantacce hukuncinsa daban. Ƙaryar ta fito mini sumul har ni kaina na yi mamaki.

Duk abin da na lissafa shi ne likita zai faɗa wa macen da al'adarta ta ɗauke saboda wahala. Sunan kawai na canja masa.

Ban san irin matar da na ɗora wa aikin ba. Inno ta ɗauki maganata kamar wahayi. Nonon da take kaiwa kasuwa ta raba biyu, rabi na Firdausi, saboda haka geron gidan ya ragu, kuma daga tuwonta ya ragu. Ta karɓi surfen da yarinyar ta bari, mace mai shekara sittin da ɗoriya. Da hantsi ta tafi fadama yankan ciyawa, da la'asar ta bi gidaje tana roƙon ganyen zogale. In Firdausi ta kwanta barcin rana, sai ta ɗauko tabarma ta zauna a bakin ƙofa tana korar kaji, har ni ba ta bari in yi tari a tsakar gidan ubana. Na ce mata ita ma ta riƙa ci, ta ce tsohuwa me za ta yi da ƙiba.

Abin ya yi aiki, wannan ne ma abin haushin. A wata na biyu kumatun Firdausi suka ciko. A na uku gashinta ya daina zuba, tana barci har babur ya wuce ba ta sani ba. Wata rana na ji ta tana dariya da mahaifiyata a kan wani zakara da ya faɗa cikin turmi, ban taɓa jin muryar dariyarta ba sai ranar. Inno kuwa tana ganin ƙugun yarinyar na cika sai ta fara tara itacen wankan jego a bayan ɗaki, guda-guda, duk wanda ta tsinto a hanyar fadama. Ina ganin tulin yana tashi kullum. Na sha yin niyyar zaunar da su in warware maganar, sai in ce bari ta ƙara ƙwari tukuna. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Wata safiya ina shirin fita aiki, Inno ta tafi ciyawa, Firdausi ta leƙo ta kira ni da hannu. Na same ta tsaye a bayan ƙofa ta dafe mararta. Ta nuna mini zanen da ta cire. Jini ne na al'ada, lafiyayye, irin wanda na yi wata huɗu ina jira.

Ban san lokacin da murmushi ya suɓuce mini ba. Ɗan kaɗan ne, na kuma yi maza na haɗiye shi, amma idonta na kaina. Ta daɗe tana dubana. Na ga lokacin da ta haɗa komai, tun daga hoton asibiti har zuwa ƙwai.

"Yaya Radiyya, wanga shi na kike jira," in ji ta. "Ba tashinai ba."

Na ce i. Na fara yi mata bayani cewa yanzu jikinta ya koma daidai, tana da ƙuruciya, nan gaba za ta iya haihuwa lafiya. Ta ɗaga mini hannu na yi shiru. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a bakin gado ta ce ita ma akwai ranakun da zuciyarta ke gaya mata babu kowa a ciki, amma in ta dubi Inno sai ta ture tunanin.

"Kak ki hwaɗa mata babu," ta ce. "Ki ce ɓari niy yi. In kin ce babu, shekara guda da rabi tana yi ma banza bauta. Ba ta iya ɗaukar wanga."

Haka muka yi. Inno ta shigo da damin ciyawa a ka, ni na tare ta na faɗa mata. Ta sauke damin a hankali, ta kai wa saniya tukuna, sannan ta dawo ta zauna a ƙasa ta yi salati. Na tsaya ina jiran ta ce maganina ne ya zubar mata da jika, da ta faɗi haka da na ji sauƙi. Sai ta ce ƙwan nan ne, ta san bai kamata ba, kuma ita ta riƙa dafawa tana ba ta da hannunta. Na rantse mata ba ƙwai ba ne. Ta ce in daina rantsuwa, ni ai alheri na yi nufi.

Matan unguwa suka yi ta shigowa jaje kwana uku. Tunda ciki ya fita, takaba ta ƙare, babu sauran abin da zai riƙe Firdausi a ɗakin. Aka aika Turba. Marwan ya zo ran Laraba da motar kasuwa da za ta bi ta garin Isa. Firdausi ta roƙi Inno ta biyo su, Inno ta ce ba a zuwa gidan surukai a zauna alhali wanda ya haɗa ku ba ya nan. Ta ɗaure mata kayanta da kanta, ta raka ta har bakin titi, ta yi mata addu'ar miji nagari. Firdausi ta shiga mota da jiki mai kyau, cikakkiyar mace, duk wanda ya gan ta zai ce an yi jinya an dace.

Da la'asar na dawo daga aiki na tarar da Inno zaune a ƙofar ɗakin baya. Sai a lokacin na lura da yadda ta ƙare, wuyanta duk jijiya, awarwaron hannunta ya zame har gwiwar hannu. Na gaishe ta zan wuce, ta ce in zo. Na tsuguna a gabanta. Ta ce akwai abin da take son tambayata tun ranar, kunya ta hana ta a gaban yarinyar.

"Ke kig gani da idonki, ɗiyata. Namiji na ko mace?"

Na buɗe baki, ni da ake cewa ba na tauna magana. Na dubi fuskarta tana jira.

"Namiji na, Inno."

Ta gyaɗa kai sau biyu, ta ce ita ma haka jikinta ya ba ta. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, sannan ta dafa bango ta miƙe ta ɗauki ƙwarya, domin lokacin tatsa ya yi.