Tsohon Zanin da Auta Ta Bari

Ranar da aka kafe sunaye a ƙofar aji, sai da Auta ta karanta nata sau uku. Mutum goma sha biyu makarantar matan aure ta zaɓa, za a kai su ƙasar waje kwana goma, su ga tsofaffin masallatai da coci-coci da kaburburan mutanen da suke karantawa a littafin tarihi. Ita da ko filin jirgi ba ta taɓa leƙawa ba. Amma murnar ba ta raka ta gida ba, don tun a hanya ta tuna da ɗanta Kumatu, watansa bakwai, bai san komai ba sai nono. An kuma ce ba a tafiya da goyo.

Mijinta mai gyaran fanka ne. Yana zaune da wata fanka a cinya ya ce, "Ki je mana. Kwana goma ne fa, ba shekara goma ba."

Yayarta, wadda ta shekara tara a ɗakin miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ni zan dawo nan in riƙe shi. Ke dai bar min tsohon zanin nan da kike goya shi, kada ki wanke."

Nas ɗin asibitin unguwa ce ta sa mata tsoro. Ta ce duk bayan awa uku ta tatse ta zubar, in ta yi wasa nonon zai ƙafe, ta dawo ta tarar tafiya ta yaye mata ɗa.

To, can kuma ɗan jagoransu wani mutum ne mai jar lema, kullum tana sama don kada a ɓata. Duk inda bas ta tsaya, minti arba'in yake bayarwa, ba ƙari. Tatsa kuwa minti ashirin da biyar ce, ban da layi. Saboda haka in an sauka, jama'a su bi lema, Auta ta bi allon banɗaki.

Ƙawarta Doguwa ta sa ta a gaba. "Ke in an koma Malama ta ce kowa ya ba da labari, sai ki ba mu tarihin banɗakuna."

"Na cocin jiya ya fi ruwa," in ji Auta.

"Kin ji ko? Har kin fara."

Dariya ta yi, amma in ta kira gida da rana, Yaya sai ta ce barci yake, ko ta juyo da waya ta nuna mata ƙeyarsa a cikin zanin.

Rana ta shida aka je masallacin nan mai ginshiƙai ɗaruruwa, wanda hotonsa ke bangon littafinsu. Shi ta fi ɗoki, har zana shi ta taɓa yi a bayan takardar jarrabawa. Ta so ta daure ta shiga, amma ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, gaban rigarta ya fara jiƙewa. Mata goma sha ɗaya ta tarar a layin banɗaki. Ta tsaya a gaban wurin wanke hannu tana kallon farin abu yana bin rami, abincin ɗanta ke nan. Da ta fito da gudu, takalmi ɗaya a hannu, lema har ta juya ta nufi bas. Daga bakin ƙofar masallacin ta leƙa. Ginshiƙi uku ta gani, da bayan wani mai shara.

Malama ta miƙo mata waya ta ga hotuna. Auta ta ce a bar shi, ai akwai a littafi.

Duk da haka ta dawo da nononta cike, bai ragu ba. A jirgi abin da take ta faɗa wa kanta ke nan.

Ta shigo gida cikin sabon hijabin da aka ɗinka musu iri ɗaya, tana ƙamshin sabulun otal. Ko jaka ba ta ajiye daidai ba ta miƙa hannu. Kumatu ya dube ta, ya taɓe baki, ya tsala ihu, ya cusa fuska a kafaɗar Yaya, inda tsohon zanin yake rataye, ya yi baƙi, yana tsamin madara.

"Malam, babarka ce fa, ba mai allura ba," in ji mijin. Ba wanda ya taya shi dariya.

Ta ba shi nono, ya kau da kai. Ta matsa masa, ya gantsare. Yaya ta kaɗa madarar gwangwani a fida, ya kama yana zuƙa, yana kallon Auta ta gefen ido kamar baƙuwa. Haka aka wuni, haka aka sake wuni. Tatsar da ta yi a banɗakunan ƙasar mutane ita ta dawo tana yi a ɗakinta, a bakin gado, cikin kofi. Jakar Yaya kuwa tana ɗaure a bayan ƙofa tun ranar farko, amma ba ta ce za ta tafi ba.

"Yaya, zanin nan ya yi dauɗa, kawo in wanke."

"Bar shi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Rana ta uku da hantsi Yaya ta shigo ɗaukar tsintsiya, idonta ya faɗa cikin kofin. Abin da ke ciki ko gindin kofin bai rufe ba. Ta daɗe a tsaye, yaron a bayanta.

"Cire rigar nan. Sabulun nan kuma ki ba wa mijinki."

Ta sauke shi a kan gado, ta kwance zanin ta yafa wa Auta, ta ja shi har ƙirji.

"Tun ranar da kika sauka na san zanin yake bi," ta ce. "Cewa na yi bari in ƙara kwana ɗaya. Sai ya zama uku."

Yaya ta ɗauke fidar daga kan tebur ta jefa a jakarta, ta fita ba ta waiwayo ba.

Kumatu ya yi kuka har ya shiɗe. Can ya shinshina zanin, ya goga hanci, ya laluba, ya kama. Zafin ya ratsa ta har yatsun ƙafa, sannan ta ji yana sauka, kaɗan-kaɗan, amma yana sauka. Yana sha, idonsa na kan ƙofa.

Ta taga Auta ta hango Yaya a kan layi, ta ɗan sunkuya gaba kamar mai goyo. Sau biyu tana kai hannu baya za ta gyara, sai ta tuna, ta mayar da hannun kan jaka.